Kano zuwa Jidda awa nawa ne a jirgi? Ga yadda za ka lissafa da kanka

Duk sanda azumi ya matso ko aka fara jigilar alhazai, tambaya ɗaya ce ke yawo a gidajenmu, wai daga Kano zuwa Jidda awa nawa ake yi a sama. Wani ya ce awa biyar, wani ya rantse shi sai da ya yi bakwai, wata Hajiya kuma ta ce ita da za su dawo ko awa uku ba su cika ba. Kuma fa a cikinsu babu wanda ya yi ƙarya, kowa abin da ya gani a agogo ko a tikiti yake faɗa. Ni abin ya fara damuna ne ranar da wani dattijo a unguwarmu ya rasa jirginsa na umara, mutumin da ya shekara biyu yana adashi, saboda kawai shi da yaransa ba su gane abin da aka rubuta a tikitin ba. Tun daga ranar duk wanda zai tafi a cikin dangi sai na zaunar da shi mun yi lissafin nan tare, kuma wallahi ba wani abu ne mai wuya ba.

Mu fara da nisan. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, idan aka miƙe ɗoɗar babu zagaye, kusan kilomita 3,400 ne. Idan Madina jirginka zai sauka, wato filin jirgin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz, ƙara kamar kilomita 150 a kai. Miƙaƙƙiyar hanyar tana bi ta gabashin Nijar wajen yankin Diffa, ta ratsa Chadi, ta shiga arewacin Sudan ta tsallake kogin Nilu, sai Bahar Maliya, da ka haye ruwan nan ga Jidda a bakin gaɓa.

Idan kana son ka duba na wasu garuruwan da kanka, abu na farko ka san haruffa ukun da ake yi wa kowane filin jirgi laƙabi da su. Kano KAN ce, Abuja ABV, Legas LOS, Yamai NIM, Jidda JED, Madina MED, Alƙahira CAI, Adis Ababa ADD. Akwai wani shafi a intanet mai suna Great Circle Mapper, ka rubuta KAN-JED kawai zai zana maka layin a taswira ya ba ka nisan. Ko a Google Maps ma ka danna waje ka riƙe, akwai wurin auna nisa tsakanin wuri biyu. Amma ka lura da ma'aunin da aka ba ka, nan mutane ke ruɗewa. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, mil ɗin da matuƙa jirgi ke aiki da shi kuma, na teku, kilomita 1.852 ne. Shi ya sa wannan tafiyar guda ɗaya za ka ga wani wuri an rubuta 3,400, wani wuri 2,100 da ɗoriya, wani kuma 1,850, duk abu ɗaya ake nufi. Kuma kada ka yi mamaki idan ka ga layin ya ɗan lanƙwasa a taswira, duniya ce a mulmule, taswira kuma a shimfiɗe take.

To yanzu lokaci. Manyan jiragen da ke ɗibar alhazai irin su Boeing 777 da 747 da Airbus A330 idan suka daidaita a sama suna gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa ɗaya. Amma kada ka raba nisan da 900, domin jirgi ba ya fara wannan gudun daga ƙasa, sai ya hau sama tukuna wajen kilomita 10 zuwa 12, haka nan kafin ya sauka tun da nisa yake rage gudu. Abin da nake yi shi ne in raba nisan da 800 sannan in ƙara rabin awa. Kilomita 3,400 a raba da 800 ya ba ka awa huɗu da kwata, ka ɗora minti 30, ka ga awa huɗu da minti 45 ke nan. Wannan rabin awar ta tafiyar da jirgi ke yi ne a ƙasa kafin ya kai titin tashi, da jiran a ba shi izini, da wadda zai yi bayan ya sauka kafin ya tsaya a buɗe ƙofa. Lokacin da kamfani ke rubutawa a tikiti ma haka yake, daga sanda aka tura jirgin baya ne zuwa sanda ya tsaya cak a ɗaya ɓangaren, ba daga sanda taya ta bar ƙasa ba. Wannan ɗan lissafin yana aiki ga kusan kowace tafiya mai nisa, ka gwada shi da Abuja zuwa Landan ko Legas zuwa Dubai za ka ga bai kauce sosai ba.

Sai dai hanyar Jidda tana da wata matsala tata da dole a faɗa. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan aka rufe sararin samaniyar ƙasar, alhali fiye da sulusin miƙaƙƙiyar hanyarmu ta saman Sudan take. Jirage suka koma zagaye, wasu su yi kudu ta Kamaru da Afirka ta Tsakiya har su ɓulla Habasha sannan su hauro ta Bahar Maliya, wasu su yi arewa ta Masar. A aikin hajjin shekarar har sai da kamfanonin jigila suka nemi ƙarin kuɗin kujera saboda man da za su ƙara sha. Tafiyar da ba ta kai awa biyar ba ta koma shida, wani lokacin har bakwai. Kaga wanda ya je kafin 2023 da wanda ya je bayanta za su ba ka amsa daban kuma kowa gaskiyarsa ya faɗa. Saboda haka kada ka tsaya a lissafin takarda kaɗai. Ka sauke Flightradar24 ko FlightAware a wayarka, ka saka lambar jirginka, ita ce haruffa biyu da lambobin da ke jikin tikiti, zai nuna maka tafiyoyin da jirgin ya yi a kwanakin baya, ƙarfe nawa ya tashi, ƙarfe nawa ya sauka, ta ina ya bi. A ganina wannan ya fi duk abin da ejan zai gaya maka da baki, don abin da ya faru ne jiya da shekaranjiya, kuma a nan ne za ka gane ko jirgin mai yawan makara ne.

Iska ma tana da nata rabon. Can sama akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa, lokacin sanyi yawanci daga yamma take zuwa gabas sai ta tura mai tafiya ta danne mai dawowa, da damina kuma a sararin yankinmu takan juya. Bambancin ba ya wuce 'yan mintuna zuwa kamar rabin awa, ba abin tayar da hankali ba ne. Wanda ya fi shi ɓata lissafi shi ne hazo, daga Disamba zuwa Fabrairu idan ƙura ta rufe Kano jirgi yakan kasa sauka ko tashi, a zauna jiran gari ya washe.

Yanzu ga inda na fi so a natsu, maganar agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu cur, ba ta canzawa rani da damina. Idan ƙarfe 12 na rana ne a Kano to ƙarfe 2 ne a Makka. Nijar da Chadi da Kamaru agogonsu ɗaya da namu, mutanen Ghana kuwa awa uku ne tsakaninsu da Saudiyya. Shi kuma tikiti, kowane lokaci da aka rubuta a jikinsa na garin da abin zai faru ne, lokacin tashi da agogon Kano, lokacin sauka da agogon Jidda. A ce an rubuta tashi 22:00 sauka 04:45, kai da ka ƙirga sai ka ga awa shida da minti 45, to cire awa biyun nan, tafiyar awa huɗu da minti 45 ce. A dawowa kuma sai abin ya juye, ka tashi Jidda 10:00 ka sauka Kano 12:45, a ido kamar awa biyu da minti 45, amma sai ka ƙara biyu. Hajiyar da ta ce ko awa uku ba su yi ba a dawowa ga inda lissafinta ya fito. In za ka gabas ka rage, in za ka dawo yamma ka ƙara, shikenan.

Idan ka ga an sa +1 a gefen lokacin sauka, ana nufin washegari za ka sauka. Wannan yana da muhimmanci wajen kama ɗaki a otal da kuma gaya wa wanda zai tarbe ka, kada ka ce masa Litinin alhali asubahin Talata za ka iso.

Sai tarkon da ya kama dattijon da na ambata. Tikitinsa an rubuta ranar Talata 00:30. Shi da yaransa suka ɗauka daren Talata ne, suka yi sallama da 'yan uwa ranar Talata da yamma suka nufi filin jirgi bayan isha'i, ashe jirgi ya tashi tun daren jiya. A lissafin tikiti sabuwar rana tana farawa ne da ƙarfe 12 na dare, don haka 00:30 na Talata yana nufin ranar Litinin da daddare za ka bar gida. Na ga yadda mutumin nan ya zauna a kan jakarsa ya kasa magana, kuma sai da aka yi karo-karo aka biya tara mai yawa kafin aka sauya masa rana. Dan Allah duk tikitin da ka ga lokacinsa ya fara da 00 ko 01 ko 02, ka ɗauki biro ka rubuta a takarda da Hausa ɓaro-ɓaro, ranar kaza da daddare za mu fita daga gida, ka manna a bango. Musamman idan tsofaffi za ka yi wa rakiya.

Ba kowa ke samun jirgin da zai miƙe kai tsaye ba, da yawa masu umara suna bin na yada zango don ya fi sauƙin kuɗi. Nan ma lissafin ɗaya ne sai dai gaɓa-gaɓa za ka yi shi. Kano zuwa Alƙahira kusan kilomita 3,100 ne, Alƙahira zuwa Jidda kamar 1,200, jimla 4,300. Ta Adis Ababa kuwa gaɓar farko kusan 3,300 ta biyu 1,400, jimla 4,700. Kowace gaɓa ka raba da 800 ka ƙara mata rabin awarta, sannan ka ɗora zaman jira a tsakiya, wanda shi ne yake cinye rana. Zaman jiran shi kaɗai ne ba ya buƙatar ragi ko ƙari, tunda saukar da tashin duk da agogon gari ɗaya aka rubuta su. Habasha agogonta ɗaya da Saudiyya, Turkiyya da Katar ma haka, Dubai tana gaban Najeriya da awa uku, Masar kuwa awa ɗaya ce lokacin sanyi amma daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba suna tura agogo gaba ya zama awa biyu. Wani abu kuma game da Habasha, mutanen gari suna da nasu ƙirgen da ke farawa daga fitowar rana, ƙarfe bakwai na safe su ce ƙarfe ɗaya, to idan an kai ku otal kwana kada ka dogara da amsar mai shago, ka bi abin da ke tikiti da allon filin jirgi.

Shawarata a nan, idan da tsoho ko mai ƙananan yara a tafiyar kada ku karɓi jiran da bai kai awa biyu ba. Jirgin farko ya makara da minti 40, a sauke ku a bas, a sake bincike, ga tsohuwa ba ta iya sauri, kafin ku kai ƙofa an rufe. Haka kuma jiran awa goma sha a kan kujerar ƙarfe ba ƙaramin abu ba ne ga mai ciwon baya, ka tambayi ejan tun kafin ka biya ko kamfanin yana ba da masauki. Kuma ka tabbata tikitin guda ɗaya ne daga Kano har Jidda, don idan biyu ne daban aka haɗa maka, jirgin farko ya makara na biyu babu ruwansa da kai.

Sanin awannin nan yana taɓa ibada kai tsaye, shi ya sa ban ɗauke shi wasa ba. Wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka, jirgi yana daidaita da miƙati tun yana sama kafin ya sauka, ta ɓangaren Juhufa ko ta Yalamlam gwargwadon inda ya ɓullo. Jirage da yawa suna sanarwa idan an kusa, amma wani lokacin da Larabci ko Turanci ne kawai, wani kuma barci ya ɗauke shi. Idan ka san ƙarfe nawa za ku sauka, ka sa ƙararrawa a waya kamar awa ɗaya kafin nan ka zauna cikin shiri. Ya fi sauƙi ka yi wanka a gida ka ɗaura harami tun a filin jirgi, ko aƙalla ka sa shi a jakar hannu, don na ga waɗanda suka saka nasu a babbar jaka ta tafi cikin kaya. Banɗakin jirgi ƙanƙani ne ga layi, ba wajen canza kaya ba ne ga mutum ɗari uku a lokaci ɗaya. Wanda zai fara da Madina shi hankalinsa kwance, sai ranar fitowa zai ɗauki harami a Zul Hulaifa. Maganar hukunce-hukuncen miƙati kuwa a zauna da malami kafin tafiya.

Mai azumi ma haka. Idan kana tafiya gabas kana tarar dare ne, yininka zai gajarta, a dawowa kuma rana tana bin ka sai ya yi tsawo. Ba da agogon Kano ake buɗa baki ba, ba kuma da na Jidda ba, sai ka ga rana ta faɗi daga inda kake a sama. Masu shan maganin siga ko na hawan jini a kan lokaci su ma awa biyun nan ta shafe su, a tambayi likita yadda za a matsar da lokacin shan, kuma magani a jakar hannu yake zama. Ni nakan sa wa masu tafiya agogo biyu a fuskar waya, na Kano da na Makka, don wani sa'in wayar ba ta canzawa da kanta sai ta samu sabis.

To a ƙarshe abin da iyali ke son sani ba awannin sama ba ne, so suke su ji yaushe za ka kira ka ce mun iso. Lissafa daga ƙofar gida. In a cikin Kano kake ba da awa ɗaya zuwa filin jirgi saboda cunkoso, in daga Katsina ko Damagaram kake tahowa gara ka kwana a Kano. Ka isa awa uku kafin tashi, a auna kaya a duba fasfo da biza da katin rigakafi, lokacin hajji kuwa zaman sansanin alhazai nasa daban ne, yakan ci kwana. Sai awa biyar zuwa bakwai a sama. A Jidda layin shige da fice da jiran kaya yakan ci awa ɗaya zuwa biyu, a tashar alhazai mai rufin tantuna lokacin cikowa ya fi haka nesa ba kusa ba. Filin jirgin yana arewa da birnin Jidda, daga nan zuwa Makka kusan kilomita 100 ne, a mota awa ɗaya da ɗan wani abu idan hanya a sake take. Akwai kuma jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018, yana da tasha a cikin filin jirgin, yana kai mutum Makka cikin ƙasa da awa ɗaya, sai dai yana da ƙa'ida a kan yawan kaya. Ka tattara duka za ka ga tafiyar da ake cewa awa biyar ta zama awa goma sha biyu ko fiye kafin ka ajiye jaka a masauki. Wannan adadin za ka faɗa wa mutanen gida, ka kuma ce musu in sun ji shiru awa biyu bayan nan kada hankalinsu ya tashi, sabon layin waya ne ba a saya ba tukuna.

Kakanninmu wannan hanyar da ƙafa da jakuna da raƙuma suka bi ta, ta Borno da Wadai da Darfur har Sawakin a bakin teku, suna tsayawa su yi noma ko ƙwadago su tara guzuri su ƙara gaba, wani shekara biyu wani bakwai, wasu a can suka zauna, zuriyarsu na nan a Sudan har yau suna jin Hausa. Jiragen farko da suka sauka a Kano a 1925 ma daga Masar suka taso kuma kwanaki suka yi a hanya suna yada zango. Idan Allah ya sa jirginku ya bi miƙaƙƙiyar hanya kuma da rana ne, ka nemi kujerar taga tun wajen auna kaya, bayan kamar awa uku da tashi ka leƙa ƙasa, akwai inda za ka ga Nilu ya ratsa rairayi da ɗan siririn kore a gefensa, daga nan saura kamar awa ɗaya ku kai bakin Bahar Maliya, lokacin tashi a gyara harami ya yi.